Yadda Sinawa Ke Koyon Rubutu Da Harafi Guda

Jama'a, duk wanda ya koyi boko ya san aikinsa bai wuce ya riƙe baƙaƙe da wasula 'yan kaɗan ba, sa'an nan ya haɗa su ya karanta abin da ya ga dama. A ƙasar Sin ba haka abin ya ke ba. Can kowane harafi ma'ana gare shi, yana kuma da furucinsa na kansa. Ƙamus ɗin da aka gama a zamanin Sarki Kangshi, cikin shekarar 1716, ya tara haruffa fiye da 47,000. Yau kuwa yaron makaranta ana so ya san wajen 3,500 kafin a ce ya iya karatu sosai.

To, ta ina mutum zai kama wannan dogon aiki? Malaman rubutu na Sin sun daɗe suna fara almajiransu da harafi guda, shi ne 永, ana furta shi "yung", ma'anarsa dawwama. Darajarsa ta samo asali daga wani shahararren marubuci, Wang Shiji, wanda a shekarar 353 ya rubuta gabatarwa ga waɗansu waƙoƙi da aka yi a wani taron abokai. Harafin farko na wannan gabatarwa shi ne "yung", kuma har yanzu Sinawa suna ɗaukar rubutun nan shi ne gwanin rubutu.

Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, ko da ya ke sau biyar kaɗai ake ɗaga alƙalami wajen rubuta shi, akwai irin zane takwas a cikinsa: ɗigo, zane a kwance, zane a tsaye, ƙugiya, zane mai hawa sama, dogon zane mai gangarawa hagu, gajeren zane mai gangarawa hagu, da mai gangarawa dama. Waɗannan su ne tubalin yawancin haruffansu. Wanda hannunsa ya faɗa a kansu ya sami mabuɗin sauran.

Kayan aikin guda huɗu ne: alƙalami mai bakin gashi, da tawada busasshiya kamar sanda, da dutsen da ake goga ta a kai da 'yan ɗigon ruwa, da takarda. Almajiri ya kan riƙe alƙalamin a miƙe tsaye. Takardar koyo an rarraba ta gida gida, kowane harafi da ɗakinsa, don kada wani sashe ya yi girma ya danne ɗan'uwansa. Kuma ba a fara zane inda aka ga dama. Doka ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. A "yung", ɗigon sama ake fara sawa, sa'an nan ginshiƙin tsakiya da ƙugiyarsa, sai ɓangaren hagu, a ƙare da na dama. Wanda ya saɓa wannan jeri, da zarar ya yi sauri rubutunsa zai karkace.

Amfanin harafin bai tsaya nan ba. In aka haɗa shi da wani harafi mai nufin nisa, sai a sami kalmar "har abada". In aka sa masa alamar ruwa a gefen hagu, sai ya zama 泳, watau iyo. In alamar baki aka sa, sai ya zama 咏, watau rera waƙa. Duka uku "yung" ake furta su. Gefe guda yana nuna ma'ana, ɗaya gefen yana nuna sauti, kuma galibin haruffan Sin haka aka gina su. Ashe dubban nan ba warwatse su ke ba, dangi dangi ne.

Hukuma ta yi ƙoƙarin sassauta wa jama'a. A 1956 aka rage yawan zane a haruffa da dama, a 1958 kuma aka tabbad da Pinyin, hanyar rubuta furucin Sinanci da baƙaƙen boko. Yanzu da ita mutane ke buga saƙo a waya da kwamfuta, na'ura ta kawo haruffa su zaɓa. Sauƙi ya samu, amma ya zo da nasa ciwo: mutum ya kan gane harafi in ya gan shi, in an ba shi alƙalami sai ya kasa fitar da shi. Don haka a 2011 Ma'aikatar Ilmi ta Sin ta umurci makarantun firamare su ware darasi guda kowane mako na koyon rubutun hannu, daga aji uku zuwa aji shida. Sun lura ido yana ganewa, amma hannu ne ke riƙewa. In ji Hausawa, sannu ba ta hana zuwa.