Mota Tana Jalingo, Rediyonta Na Can Amurka

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Hammaruwa a garin Jalingo da la'asar, sa'ad da ma'aikata suka tashi daga ofis, zai ga manyan motoci na alfarma suna ta wucewa, Marsandi da Lexus da BMW da Range Rover. Galibinsu ba sababbi ba ne. An hau su shekara da shekaru a Amurka ko Kanada ko Turai, aka yi gwanjonsu, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Legas, sa'an nan aka koro su har babban birnin Jihar Taraba. Su ne Yarbawa ke kira tokumbo, a Arewa kuwa akan ce 'yan Kwatano.

Abin da ya fi ɗaukar idon mai saye a cikin irin waɗannan motoci shi ne allon nan da ke tsakiyar gaba, kusa da sitiyari. Ta nan ake kama rediyo, a duba taswira, a amsa waya, a ga abin da ke baya in an sa ribas. A waɗansu motocin ma har na'urar sanyaya iska ta nan ake sarrafa ta. To, wannan allo kwamfuta ce sosai, kuma tana da manhajar da take aiki da ita, watau tsarin umurnin da masu ƙera motar suka rubuta mata.

Sai mota ta iso gida mai ita ke gane cewa jikinta ne kurum ya zo. Taswira tana nuna masa titunan Texas, nisa kuma da mil ake gaya masa maimakon kilomita. Abin da ya fi ba mutane haushi kuwa shi ne rediyo. A Amurka an raba wa tashoshin FM lambobi marasa ma'aurata ne kawai, don haka rediyon motar da aka yi domin can yakan yi tsalle daga 90.5 zuwa 90.7. Gidan rediyon Jihar Taraba kuwa a kan 90.6 yake watsa shirye-shiryensa a Jalingo. Ke nan mutum ya zuba miliyoyin naira ya sayi mota, amma labarun jiharsa ba zai ji su ba sai da shuuu, alhali kuwa ɗan rediyon mai shayi yana kawo su tangaran.

A nan ne akan samu mai ba da shawara ya ce a kai ta wurin masu wayarin a sabunta mata manhaja, kome zai daidaita. Maganar ba haka take ba.

Sabuntawar da kamfani ke fitarwa gyaran kurakurai ce. In allo yana daskarewa, ko yana mutuwa ya farfaɗo da kansa, ko wayar hannu ta ƙi haɗuwa da mota, to mai yiwuwa kamfanin ya riga ya fitar da magani. Yadda ake yi shi ne a kwafi lambar shasi, wadda ke da haruffa da lambobi 17, a shigar da ita a shafin kamfanin na intanet, a sauko da abin da ya dace da wannan motar, a zuba shi a filash wadda babu kome a cikinta, a soka a mota. Daga nan sai haƙuri, domin aikin yakan ci rabin sa'a, wani lokaci fiye da sa'a guda. Amma wannan sabuntawa ba ta sauya wa mota ƙasa. Manhajar Amurka ce sabuwa ta maye gurbin manhajar Amurka tsohuwa, rediyo kuma zai ci gaba da tsallake 90.6.

Sauya wa rediyo ƙasa wani aiki ne dabam, wanda ake yi da kwamfutar binciken mota. A waɗansu motocin umurni ɗaya ake juyawa, a waɗansu kuwa sai an cire akwatin rediyon ɗungurungum. Batun taswira ma haka. Na'urar da aka yi wa Amurka ta Arewa ba kasafai take karɓar taswirar Afirka ba, ko ta karɓa ma da wuya ta san hanyar Mutum Biyu ko hawan Mambila zuwa Gembu kamar yadda wayar da ke aljihun direba ta sani. Tsarin da ke nuna fuskar waya a allon mota, CarPlay na kamfanin Apple, a 2014 ya fito, Android Auto kuma a 2015. Motocin da suka girme su galibi ba su da kayan ɗaukarsu, kome yawan filash da aka soka.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. Yayin da ake sabuntawa, na'urar tana goge tsohon umurni tana rubuta sabo. In wuta ta yanke a tsakiya, sai ta rasa na baya ta rasa na gaba, allo ya yi baƙi ƙirin. Abubuwan da ke jawo haka kuwa ga su nan birjik: batir da zafin rana ya cinye, fayil da ya sauko a gutsure saboda yankewar sabis, da kuma ƙyashin barin inji yana aiki sa'a guda mota na tsaye, musamman tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023. Mafi muni shi ne fayil ɗin da aka tsinto a intanet ba daga kamfani ba, wanda aka yi shi domin wata shekarar ko wata ƙasar.

Kada a ce ƙarancin ilmin masu gyaranmu ne kawai, su kansu masu ƙera motocin sun sha tuntuɓe. A watan Yuni 2016 wani saƙo da aka aika ta iska ya rikita allon motocin Lexus na 2014 zuwa 2016 a Amurka. A watan Fabrairu 2018 irin haka ta faru ga motocin Jeep da Dodge da Chrysler, allo ya dinga mutuwa yana tashi ba ƙaƙƙautawa. A farkon 2022 kuma wani gidan rediyo a birnin Seattle ya aika da hotuna waɗanda na'urorin Mazda suka kasa ganewa, suka lalace. Bambancin shi ne a can akwai wakilin kamfani a gari, ya gyara ko ya sauya. Mutumin Jalingo kuwa sai dai ya yi tafiyar yini guda zuwa Abuja, ko ya aika kasuwar Ladipo a Legas a nemo masa wani akwatin, wanda a waɗansu motocin ba zai yi aiki ba sai an haɗa shi da lambar shasi. Kafin nan babu kamarar ribas, in kuma sanyi ta allo ake kunna shi, to ga mutum ga zafin watan Maris.

Akwai dai lokacin da sabuntawa ta zama tilas. A watan Yuli 2015 waɗansu masana 2, Charlie Miller da Chris Valasek, suka kutsa cikin wata Jeep Cherokee daga nesa ta hanyar wannan na'ura, har suka iya taɓa birki da giya. Kamfanin ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4. Hukumar kiyaye lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, tana da shafi inda kowa zai sa lambar shasi kyauta ya ga ko akwai irin wannan kiranye da ba a cika ba a kan motarsa.

Waɗansu abubuwan kuma babu mai tada su. Rediyon tauraron ɗan'adam na SiriusXM ba ya isowa Afirka. Maɓallin neman agaji na tsofaffin motocin ya dogara ne da layin 3G, wanda kamfanonin wayar Amurka suka rufe a 2022. Haka nan motar da ambaliya ta taɓa shanyewa kafin a yi gwanjonta, ciwonta tsatsa ce a cikin wayoyi, ba manhaja ba.

Shi ya sa da yawa suka koma ga allunan Android da ake shigowa da su daga Sin, waɗanda ke kama kowace tasha. Sai dai in mai haɗawa ya yanyanke wayoyi maimakon ya yi amfani da soket ɗin da ya dace, maɓallan sitiyari kan daina aiki, batir kuma ya riƙa kwana yana zuba.

Dillalai ba sa hana a gwada mota. Mai saye yana iya zama a ciki minti 15 kafin ya biya, ya sa ribas ya ga kamara, ya kunna sanyi, ya haɗa wayarsa, sa'an nan ya murɗa rediyo ya nemi 90.6. In ciniki ya faɗa, sai ya shiga wurin saiti ya goge kome, domin sau da yawa lambobin waya da adireshin gidan tsohon mai motar suna nan a ciki, shi ma nasa haka za su zauna ran da ya sayar.