Wariyar da Mai Yinta Bai San Yana Yi Ba

A damunar bara aka ba ni aikin zaɓo manoma 12 a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo, domin a ba su sabon irin masara su gwada. Na zauna na rubuta sunaye, na karanta wa jama'a a gindin bishiya. Da na gama, sai wani dattijo ya ce mini, "Malam, Fulanin rugar bayan rafi, su ba su noma ne?" Na rasa ta cewa. Mutanen nan sun fi shekara 20 a wurin, gonakinsu kuwa sun fi na kowa kyau saboda takin shanu. Ban yi niyyar cire su ba. Ko kusa ba su zo mini a rai ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Wannan ita ce wariyar da nake so mu duba, 'yan'uwa. Ba irin ta zagi da jifa ba, gama wannan kowa yana ganinta. Ina nufin wadda take zaune a cikin mutum tun yana yaro, ya sha ta a hirar gida da barkwancin kasuwa, har ta riƙa zaɓar masa wanda zai gaisar da fara'a da wanda zai bari a tsaye a bakin ƙofa.

Turawa sun auna abin. A shekarar 2004 waɗansu masana biyu a Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun aika takardun neman aiki wajen 5,000 zuwa ma'aikatu a biranen Boston da Chicago. Ilmi da gwaninta iri ɗaya ne, suna kaɗai suka sāke: waɗansu takardu da sunayen da aka san farare da su, waɗansu da na baƙaƙe. Mai sunan farare yakan sami kira ɗaya cikin takardu 10, mai sunan baƙaƙe sai ya aika wajen 15. Ba wanda ya ga fuskar kowa. Da za ka tambayi masu ɗaukar aikin, da yawansu za su rantse ba su da wariya, kuma ina tsammani da zuciya ɗaya za su rantse.

Mu a nan ƙasar Kano launinmu ɗaya, amma suna yana yi mana aikin da launi yake yi a can. Ku tuna da Maguzawa. Hausawa ne tsantsa, manoma na ƙwarai, waɗanda suka riƙe al'adar kakanni bayan jihadin 1804, suka zauna suna biyan jizya. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna a cikinsu a ƙasar Kano, ya buga littafi a kansu a 1946. Daga baya da yawa sun musulunta, da yawa kuma sun zama Kirista. Duk da haka kalmar "arne" tana bin jikokinsu. Bahaushe mai suna Bitrus ko Yohanna yakan shiga ofis a gaisa da shi da Hausa mai daɗi, da ya faɗi sunansa sai a tambaye shi, "To, asalinka daga ina?" Kakansa kuwa a nan aka binne shi. In ya tafi Legas, ɗan'uwansa Kirista ya kira shi "aboki" da raini, ya yi mamaki wai akwai Bahaushe a coci. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, amma doka ba ta iya kama kallon da aka yi maka.

Yaya mutum yakan yi sa'ad da aka daɗe ana yi masa haka? Abin da na fi gani shi ne janyewa. Manomi ya je taro sau biyu ba a ba shi bakin magana ba, na uku ba ya zuwa. Ranar rabon taki ba ya nan, sai a ce ai mutanen nan ba su son ci gaba, watau janyewarsa ta zama shaida a kansa. Wani kuma yakan ɓoye sunansa, ya ba da na biyu wanda ba zai tona shi ba. Mafi muni shi ne wanda ya yarda da rainin. A shekarun 1940 Kenneth Clark da matarsa Mamie suka nuna wa yara baƙaƙe a Amurka 'yar tsana fara da baƙa, yawancin yaran suka zaɓi farar, suka ce ita ce mai kyau. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikinsu a 1954 sa'ad da ta hana raba makarantu bisa ga launi. Sa'ad da nake gwajin koyarwa a kwalejin horon malamai na ga irin wannan da idona: yaro mai kai, aka tambaye shi ƙauyensu, ya faɗi sunan wani gari dabam.

Akwai kuma wanda yakan sauke abin a kan na ƙasa da shi. Nan ne maganar ta dawo kaina. Ni da na san zafin "asalinka daga ina", ni ne na manta da ruga ɗungum. A gidajenmu ma mukan ce Bafillace ba amana, maƙeri da mahauci ba a ba su aure, ba mu kuwa taɓa tsayawa mun tambayi wanda ya koya mana ba.

In an nuna wa mutum laifinsa, abu na fari da yakan fito daga bakinsa shi ne, "Ni? Ai ina da abokai a cikinsu." Ni ma saura kaɗan in faɗa wa dattijon nan haka. Tsare kai da gardama ba ya gyara takardar sunaye. Tun da ba za mu iya leƙa zuciyarmu mu gani sarai ba, sai mu duba abin da hannunmu ya rubuta. Sakataren ƙungiyar manoma ya ɗauko littafin rabon taki da rance na shekara 3, ya ƙidaya unguwa unguwa, ya ga wa ya samu, wa bai taɓa samu ba. A kafa sharuɗɗa tun kafin a kira suna: girman gona, biyan bashin baya, zuwa aikin gayya. A kuma karanta sunayen a fili, domin wani dattijo ya sami zarafin yin tambaya.

Bana kafin in rubuta kome, sai da na taka har rugar. Ardo ya zo taron, ya zauna a bakin tabarma, bai ce uffan ba. Mutum 2 daga cikin jama'arsa suka karɓi irin. Sauran suka ce sai sun ga yadda gonar waɗannan ta yi tukuna.