Ƙwayar Cutar da Ke Ɓuya a Cikin Sojojin Jiki

'Yan'uwa manoma, akwai wata cuta mai suna meliyodosis wadda ya kamata masu noman shinkafa da aikin fadama su sani. A shekarar 1911 likita Alfred Whitmore da mataimakinsa Krishnaswami suka gano ta a birnin Rangun na ƙasar Barma. Ta fi yawa a arewa maso gabashin Tailan da arewacin Ostareliya. Amma da masana suka ɗebi ƙasa daga gonakin shinkafa a Nijeriya a 2019, sun sami ƙwayarta. Saboda haka mu ma maganar ta shafe mu.

Sunan ƙwayar Burkholderia pseudomallei. Cikin ƙasa da ruwa take zaune, sai da madubin likita ake ganinta. Da damina takan taso sama tare da laka. Ƙofofinta uku ne: rauni ko faso a ƙafa, shaƙar ƙura ko feshin ruwa lokacin hadari, da shan ruwa marar tsabta. Da wuya mutum ya ɗauke ta daga wani mutum. Awaki da tumaki da aladu ma suna kamuwa.

To, yaya take ɓarna? A jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Aikinsu su haɗiye ƙwayar cuta, su kulle ta a wata 'yar jaka, su narkar da ita. Wannan kuwa sai ta huda jakar ta fito, ta yi ta haihuwa a cikin sojan. Sa'an nan ta manne shi da maƙwabcinsa su zama ɗaya, ta ƙetara ba tare da ta fito fili ba. Kamar gara ce a cikin azara: waje lafiya, ciki ya ƙare.

Daga nan jini ya kai ta huhu, hanta, ko saifa, ta tara mugunya. Sai zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Sau da yawa akan ɗauka tarin fuka ne. Wani cikin mako uku alamu sun bayyana, wani kuwa takan kwanta a jikinsa shekaru kafin ta tashi. Masu ciwon sukari ne suka fi shiga haɗari, domin sojojinsu ba su da ƙarfi sosai. Haka kuma masu ciwon koda da mashaya giya. A 2016 masana sun ƙiyasta mutum 165,000 ke kamuwa kowace shekara a duniya, 89,000 kuma suna mutuwa.

Allurar fenisilin ba ta kashe ta. A asibiti akan ba da ceftazidime ta jijiya aƙalla kwana 10, sa'an nan ƙwayoyin co-trimoxazole na wata 3 zuwa 6. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi ya bar ɓarawo a ɗaka, ciwon na iya dawowa.

Ga shawararmu ga ƙungiyoyi. Mu haɗa kuɗi mu sayi takalman roba, mu fara ba masu ciwon sukari. Mu wanke rauni da sabulu mu ɗaure kafin shiga laka. Mu tafasa ruwan sha. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, mu kai mutum asibiti, mu gaya wa likita cewa a fadama yake aiki.