Skyrim a Wasagu: Karanta wannan kafin ka ƙona datarka wajen sauke mod

Hutun zangon da ya wuce na koma gida Wasagu, sai na tarar da ƙanin wani abokina zaune bakin shagon caji, laftof a cinya, fuska a murtuke kamar wanda aka yi wa sata. Kusan satar ce ma. Wata biyu ya kwashe yana buga Skyrim, jaruminsa ya kai matakin da ko dodannin nan masu feshin wuta ba sa razana shi. Sai ya ga wani bidiyo a YouTube inda wani Bature ya mayar da wasan tamkar fim. Yaro ya sayi data, ya yi dare biyu yana sauke mod, ya zuba su gaba ɗaya a zama guda. Tun daga ranar, da ya buɗe inda ya tsaya sai wasan ya rufe kansa. Data ta tafi, wahalar wata biyu na shirin bin ta.

Ga wanda bai sani ba, mod wani ƙari ne da masu buga wasa ke ƙirƙira da kansu, don su gyara kuskure, su rage nauyi, ko su ƙara sabon abu. Kamfanin Bethesda ya fitar da The Elder Scrolls V: Skyrim ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma har yau wasan na raye ne saboda waɗannan mutane. A shafin Nexus Mods kaɗai akwai dubun-dubatar mod na Skyrim, kyauta. Wani lauya ɗan Ostireliya, Nick Pearce, ya yi guda mai suna The Forgotten City, ya ci kyautar marubuta ta ƙasarsu a 2016, daga baya a 2021 ya zama wasa mai zaman kansa.

Dalilin da ya sa Skyrim ya karɓu a irin garuruwanmu ba ɓoyayye ba ne: ba ya neman intanet kafin ka buga, kuma tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarsa. To amma masu bidiyon nan suna da wuta dare da rana, da intanet marar iyaka, da injin da kuɗinsa zai sayi babur. Kai kuma laftof ta-hannu gare ka, batirinta ya gaji, sabis na zuwa yana tafiya. Idan ka kwafi jerinsu, kai za ka sha wuya.

Tambayar farko ba ta mod ba ce ma. Wane Skyrim ke cikin kwamfutarka? Akwai na asali na 2011, akwai Special Edition na Oktoban 2016, kuma yawancin mod na wannan ba sa aiki a wancan. Na 2016 ya fi tsayuwa daram domin yana iya cin moriyar RAM mai yawa, amma kamfanin da kansa ya ce sai kana da aƙalla gig 8. In gig 4 gare ka, kuma babu katin girafik na daban, ka haƙura ka zauna a kan tsohon. Babu kunya a ciki.

Akwai wani tarko kuma. A Nuwamban 2021 an sabunta Special Edition daga siga ta 1.5.97 zuwa 1.6, lamarin da ya karya mod da yawa a lokacin. Shi ya sa za ka ga mod ɗaya da fayil biyu ko uku, kowanne da sigarsa. Danna dama a kan SkyrimSE.exe, ka duba bayanansa, ka rubuta lambar a takarda. A nan matsalar yaron nan ta fara: a filashi aka ba shi wasan, daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya san sigarsa. Mu faɗi gaskiya, haka yawancinmu muka samu. Sai dai masu yin kayan gyaran ba sa sauraron mai irin wannan kwafi, kuma abubuwa da dama ba za su taɓa zama daidai ba. In da hali, tun 2022 ana sayar da wasan a GOG, wanda in ka sauke sau ɗaya ba ya sake neman intanet, kuma ana yawan karya farashinsa.

Sai tsari. Ni a wurina tsayuwar wasa ce farko, sauri na biye, daɗi ne ƙarshe. Yawancinmu ta ƙarshe muke farawa.

Kada ka zuba mod kai tsaye cikin jakar wasan. Ka sa manhajar da ke kula da su, ko Vortex ko Mod Organizer 2. Na fi son ta biyun, don ba ta taɓa ainihin fayilolin wasan; in wani mod ya kawo rigima, cire alamarsa kawai za ka yi. Daga nan sai Unofficial Skyrim Special Edition Patch, wanda ke gyara ɗimbin kurakuran da kamfanin ya bari (mai tsohon wasa ya nemi na Legendary Edition, amma sai yana da Dawnguard da Hearthfire da Dragonborn duka). Sai SKSE, wanda dole lambarsa ta dace da sigar wasanka, da Address Library, da SSE Engine Fixes, da SkyUI mai sa jerin kayanka ya zama abin karantawa. A ƙarshe ka kunna LOOT ya jera maka su yadda ba za su taka juna ba. Ba ɗayansu da zai burge abokanka a hoto, amma su ne ginshiƙin, kuma galibinsu ba sa cin data.

Batun sauri kuwa, ragewa ya fi ƙarawa amfani. Inuwa da ciyawa su ke cinye ƙarfin ƙaramar kwamfuta. BethINI zai taimaka maka ka rage su ba tare da ka lalata saiti ba. Fuskar yawancin laftof ɗinmu 1366 ne a 768, to me za ka yi da zanen dutse na 4K? Gig-gig ne na data a kan abin da idonka ba zai gani ba. ENB, wanda shi ne sirrin kyan bidiyon nan, ka manta da shi kwata-kwata. Hoto 30 a daƙiƙa da ba ya rawa ya fi 50 mai tsalle-tsalle. Mai injin kirki ma kada ya bari ya haura 60 ba tare da gyara ba, in ba haka ba zai ga kwanuka da dawakai na tashi sama.

Wani abin kuma ba mod ke maganinsa ba. Ƙurar hunturu na toshe fankar laftof, zafin Maris da Afrilu ya zo ya ƙarasa, sai injin ya rage gudu don ya ceci kansa. Ka kai a hure maka ita, ka daina ɗora ta a kan katifa. Sannan wuta: in aka ɗauke daidai lokacin da wasan ke ajiya, kuma batirinka matacce ne, fayil ɗin na iya lalacewa. Ka riƙa yin sabuwar ajiya maimakon danne tsohuwa, kuma duk mako ka kwafe jakar Saves, wadda ke cikin My Games a Documents, zuwa filashi.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so, wato mod masu sa ka ji kamar kana zaune cikin duniyar. Abin da na lura shi ne, ba kyan hoto ke kawo wannan ba. Frostfall da Campfire na sa sanyi ya zama abokin gaba: in ka faɗa ruwa a arewacin ƙasar ba ka hura wuta ba, mutuwa za ka yi. Duk wanda ya taɓa hawa babur da asuba daga Wasagu zuwa Ribah a watan Janairu zai fahimci wannan fiye da kowane bayani. iNeed na sa yunwa da ƙishi da barci, sai ka ga gurasar da kake wucewa ta zama dukiya. Immersive HUD na ɓoye alamomin fuska har sai ka buƙace su. Inigo abokin tafiya ne mai surutu, da dubban jimloli na magana, wallahi wani lokaci har dariya yake ba ni ni kaɗai cikin dare. Alternate Start kuma na tsallake doguwar tafiyar keken doki ta farkon wasa, ka fara a matsayin mafarauci ko wanda jirginsa ya kife. Yana da amfani ma wajen gwaji, don cikin minti ɗaya za ka san ko jerinka na aiki. In kana da abin kunne mai kyau, mod na sauti irin Audio Overhaul ya fi na hoto arha a data da nauyi.

Amma a kula. Sigar 1.6 ta zo da nata tsarin yunwa da sanyi, Survival Mode, kyauta; kada ka kunna shi tare da Frostfall da iNeed, aiki ɗaya suke yi. Sannan irin waɗannan mod na shiga cikin ajiyarka su yi saiwa. Cire su a tsakiyar wasa na iya lalata ta, wani lokaci sai bayan kwanaki za ka gane. Ka zaɓe su tun kafin ka fara sabon jarumi, ka sa uku ko huɗu, ka gwada, sannan ka ƙara. Ka karanta bayanin mai mod ɗin, musamman jerin abubuwan da yake buƙata, ko da Turancin ya yi yawa.

Game da yaron nan, mun zauna da shi wani yammaci muka cire komai, muka sake sa wasan. Duk ajiyar da ya yi bayan zuba mod ɗin ta ƙi buɗewa. Allah ya taimake shi, akwai wata tsohuwa ta mako uku baya, ita ta tashi. Yanzu mod goma sha biyu gare shi, duka ba su kai gig ɗaya ba, kuma ya adana fayilolinsu a filashi don kada ya sake sayen data a kansu. Ranar da zan koma makaranta na same shi a bakin shagon cajin, jaruminsa na tsugune yana hura wuta a wajen Windhelm, shi kuma yana ta gumi.