Dokar Kulle Da Wasan Yara A Unguwannin Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa jama'a magana a kan abin da annobar korona ta tona mana game da wurin wasan 'ya'yanmu.

Cikin watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, a watan Afrilu kuma aka kafa dokar kulle a Kano, har azumi ya same mu a ciki. Doka dai ɗaya ce ga kowa, amma kowane yaro da inda ta tarad da shi. Yaron Nasarawa gidansu da farfajiya, in ya so sai ya hau keke ya yi ta kewaya, bai taka titi ba. Na cikin birni kuwa, ko da lungunsu ya matse, yana da zaure da tsakar gida, 'yan mata su yi 'yar gala-gala, maza su saci jiki su yi langa a ƙofar gida.

Wanda na fi tausayi shi ne ɗan gidan haya, irin na Fagge ko Birged, inda iyali da yawa su ke tarayya a tsakar gida ɗaya, wadda murhu da bokitai da igiyar shanya suka riga suka cinye. Shi filin makaranta ne kaɗai wurin gudunsa, ga shi an garƙame har wajen Oktoba. Ya wuni a kwance, dare ya yi barci ya ƙi zuwa, sai rigima, uwa ta gaji ta kai masa duka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Likitoci kuma sun tabbatar cutar ta fi saurin yaɗuwa a ɗaki mai cunkoso bisa ga sarari mai iska. Ashe da unguwar nan tana da fili, da an iya sakin yara kaɗan-kaɗan ba tare da an keta lafiyar kowa ba.

Dā kusan kowace unguwa da dandalinta. To, jama'a, ina su ke yau? Da yawa an yanka su, an gina shaguna, muna kallo.

Sabo da haka ina roƙon hukumar tsara birni da masu unguwanni, duk inda za a yanka sababbin filaye a ware dandali, a sa shi a takarda yadda ba mai ikon sayar da shi. Tsofaffin unguwanni kuwa, inda ba sauran wuri, a riƙa buɗe wa yara filin makaranta bayan la'asar, a sa dattijo ɗaya ya kula. Wassalam.

Ni ne naka,
Mai karatu, Kano.