Ziyarar Gandun Daji a Arewacin Najeriya

Ziyarar gandun daji na gwamnati tana buƙatar shiri tun da wuri, musamman kan lokaci, masauki da tsaro. Ga mazauna Kaduna, gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari shi ne mafi kusa, sai dai matsalar 'yan bindiga ta rage masu zuwa. Yankari kuwa, da ke Jihar Bauchi, an buɗe shi ga jama'a a shekarar 1962. An fi zuwa can da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, giwaye da sauran namun daji kuma suna taruwa a bakin kogin Gaji. Akan kama ɗaki a masaukin Wikki kafin hutun ƙarshen shekara saboda yawan baƙi.