Ɓawon jatan lande da ruwan Jakara

Ruwan da ke taruwa a madatsar Jakara da ke Wasai, cikin ƙaramar hukumar Minjibir, ya riga ya ratsa birnin Kano. Rafin Getsi kuma yana kwaso masa dagwalon masana'antun Bompai, har da na jimar fatu mai ɗauke da kiromiyom. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da alayyahu da karas, washegari a loda su zuwa kasuwa.

Wani abu da masana sinadarai ke haɗawa daga shara zai iya rage wannan matsala. Sunansa erojel. Ba'amurke Samuel Kistler ne ya fara yin sa a 1931, inda ya janye ruwan da ke cikin daskararren kwaɓi ba tare da kwaɓin ya motse ba. Abin da ya rage kamar soso yake, fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinsa iska ce.

Yanzu ana yin irinsa da ɓawon jatan lande da na ƙaguwa. Asid ke narkar da allin ɓawon, soda ta cire furotin, sai kaitin ya rage. In aka dafa shi cikin kakkaurar soda ya zama kaitosan, wanda ke narkewa a ruwa mai ɗan tsami. Da narkakken kaitosan ake yin kwaɓin, wahalar kuwa a busarwa take. Shanya shi a rana rusa ƙofofin take yi, don haka daskarar da shi ake yi, a zuƙe iskar na'ura har ƙanƙarar ta tashi ba tare da ta narke ba. Kaitosan na cafke kiromiyom da dalma da ruwan rini, yawan ƙofofin kuwa na ba shi wurin kamawa.

A Kano ba mu da teku, amma fara ma tana da kaitin, kuma fiffikenta da ƙafafunta zubarwa ake yi kafin suya. Ina ganin ya dace masu bincike a Jami'ar Bayero su fara daga nan.

Sai dai na'urar busarwar na son wutar da ba ta ɗaukewa, sannan matacin erojel da ya ƙoshi da ƙarfe shi ma guba ne da ke buƙatar wurin ajiya. Shi ya sa muhallinsa bakin bututun masana'anta ne, inda ruwan bai yaɗu ba, kuma mai masana'antar ne ya kamata ya biya kuɗinsa.